Waƙa A Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: To Wa Ke Da Ita?

Ƴan'uwana ɗalibai, ƙara na kawo, kuma mu duka nake ƙara, har da ni mai rubutun. Ku daure ku karanta zuwa ƙarshe kafin ku miƙa ma mai ƙosai takardar ta naɗe kaya.

Daren Asabar ɗin da ta gabata muna zaune a fadarmu nan Ƙonni, mu tara. Akwai ƴan gari, akwai waɗanda karatu ya kawo daga Malbaza da Dogarawa, akwai ɗan Illela guda da ɗan Badagishiri. An sauke shayi na biyu, sai wani ya jefo tambayar da munka saba: "Kai, mi kake ji kwanan nan?" Nan take fada ta ɗauki zafi. Ɗaya ya ce shi har yanzu bai gaji da Twice as Tall na Burna Boy ba, ya ƙara mana da cewa albam ɗin ya ci Grammy a 2021, yana faɗi yana buga ƙirji kamar ƙanensa ne ya ciwo. Na kusa da shi ya ce Made in Lagos na Wizkid ya fi shi nesa ba kusa ba. Ɗan Illela ya ce su bar shi da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, shi abin da yake fahimta yake ji. Wani ya kawo Tokooos na Fally Ipupa, wani ya kawo Sidiki Diabaté. Gardama ta yi daɗi, wallahi, har mai shayi ya mance da gawayi. Ni dai ina lissafi a zuci: Legas, Kano, Kaduna, Kinshasa, Bamako. Sunan Nijar bai fito a bakin ko mutum ɗaya ba, ni ma bai fito a nawa ba.

Ana cikin haka, ƴar sifikar da ke tsakiyarmu ta sako wata waƙa mai jita, da tafi, da murya siririya. Gardama ta mutu da kanta. Kowa ya shiga kaɗa kai, mai Burna Boy har da lumshe ido. Da ta ƙare na ce wa mai wayar: "Wanga wane ne?" Ya duba, ya juyo mini fuskar wayar. Abin da ke rubuce shi ne "sabuwa 7". Ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Oho, kiɗan Buzaye ne, wani yat tura min." Shi ke nan. Waƙar da ta sa mutum tara sunka yi tsit ba ta da suna, ba ta da gari, ba ta da shekara, mai ita kuma an tattara shi an jefa cikin ƙabila guda. Har yau da nake wannan rubutu ban san mai ita ba.

Ƙarar tawa ke nan. Mun san ranar da mawaƙin Legas ya saki albam, mun san motar da yake hawa da wadda ya rabu da ita, amma abin da aka kaɗa a ƙasarmu muna ɗaukar shi kamar ciyawar bakin hanya, wadda ba wanda ya shuka, ba wanda za a tambaya. Kuma muna kiran kanmu masoya waƙa.

Mu duba yadda waƙa ke zuwa wayoyinmu. Ranar Laraba ka shiga kasuwar Ƙonni, ka tarar da mai tura waƙa da kwamfutarsa ƙarƙashin rumfa. Ka miƙa memori da dala ashirin ko arba'in, ka ce a sa maka "masu zafi". Ya zuba maka ɗari biyu a cikin minti biyar. Ka dawo gida ka tura ma abokinka ta Xender, shi ya tura ma ƙanwarsa ta Bluetooth, ita ta jefa a WhatsApp. A kowace tasha suna yana faɗuwa. Wadda ta fito da sunan mawaƙi da na albam, kafin ta kai waya ta biyar ta koma lamba, ko kuma wani DJ ya ɗora ihun sunansa a kanta kamar shi ya haife ta. Yanzu mu bi kuɗin. Mai kwamfuta ya samu. Kamfanin waya ya samu, tunda mun sayi mega. Mai cajin waya a bakin tasha ya samu. Mai sayar da sifika ya samu. Wanda ya kwana yana tsara baiti, ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, shi ɗai ne bai ga ko dala ba. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha a Yamai, BNDA, amma ba ofishin da hannunsa zai iya shiga aljihun kowane ɗan lakwal ya duba memori. Wannan aikin kunyarmu ne.

Mai karatu zai ce to mi ya yi zafi, waƙa ce dai. Bari in ba ku labarin wata "sabuwa 7" ɗin, wadda ita Allah ya yi an gano mai ita.

A 2008 wani saurayi Ba'abzine daga arewacin jiharmu ta Tawa, yankin Abalak da Cintabaraden, ya je Sakkwato ya shiga situdiyo. Sunansa Mahamadou Souleymane, ana ce masa Mdou Moctar. Bahago ne wajen kaɗa jita, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Ku lura da wurin: Sakkwato, wadda daga nan ba ta kai kilomita ɗari ba, inda ƴan unguwarmu ke zuwa da safe su dawo da yamma. A can ya ɗauki waƙoƙinsa da irin injin gyaran murya da kiɗan kwamfuta da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Albam ɗin sunansa Anar. Bai shiga kanti ba, bai samu kamfani ba. Ta memori da Bluetooth ya yi ta yawo, waya zuwa waya, har ya tsallaka arewacin Mali.

A Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, irin dai yadda muke yi, ka ba ni in ba ka. Ya ji wata waƙa mai suna Tahoultine ta kama shi. Ga inda hanyarmu da tasa ta rabu: shi bai ce "oho" ba. Ya shiga cigiya, yana tambaya, yana buga waya, har ya gano mai ita. A 2011 kamfaninsa Sahel Sounds, da ke Portland a Amurka, ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙin wayoyin Sahara, da sunayen mawaƙan da aka gano a rubuce, kuma da rabonsu a cikin cinikin. Daga nan ƙofa ta buɗe ma Mdou Moctar. Ya yi fim a Agadas, ya fitar da Ilana a 2019, ya fitar da Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin Matador, wani kamfanin New York, manyan jaridun kiɗa na Amurka da Ingila sunka sa shi cikin fitattun albam na shekarar. A 2024 ya saki Funeral for Justice. Ɗan jiharmu ne. Hanyar da ta haɗa Tawa da Sakkwato ta ƙofar gidanmu take bi. A fadarmu ta mutum tara, da na ambaci sunansa, biyu ne sunka taɓa ji, su ma a Facebook sunka gani wani Bature yana yabonsa.

Ba shi kaɗai ba ne. A Illighadad, wani ƙauye a yankin Abalak, wata yarinya mai suna Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta jita da ta wanta, a wurin da jita ta maza ce, mata kuma nasu tende. Ita da ƴan'uwanta sunka haɗa kiɗan biyu, sunka fitar da albam a 2016, sunka ƙara da Eghass Malan a 2017, sunka yi wasa a Turai da Amurka da sunan Les Filles de Illighadad. Ƴan matan ajinmu da ke neman abin koyi a Indiya da Koriya, ga nasu nan a jiha guda da su. Sai Mamman Sani, wanda ya ɗauki kaset ɗin kiɗan organ a 1978, kiɗan da rediyo da talabijin na ƙasa sunka yi shekaru suna sakawa tsakanin shiri da shiri. Iyayenmu sun san sautin sarai, da yawansu ba su san mai shi ba, sai da anka sake buga kaset ɗin a waje a 2013. Wato ciwon "sabuwa 7" ya girme mu, gadonsa munka yi.

Shi kuma abokina mai buga ƙirji da Grammy, ga tsaraba. Bombino na Agadas ya shiga jerin ƴan takarar Grammy da albam ɗinsa Deran na 2018, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai can, kuma a rukunin da Burna Boy ya shiga shekara guda bayansa. Da na faɗa masa, cewa ya yi: "Haba dai!" Na ce ai ga waya a hannunka, duba.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini a fuska. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: "Mu ba mu jin Buzanci." To sannu. Lingala nawa kake ji da kake bin Fally baiti-baiti? Bambara nawa ka sani? Yarbancin da ke cikin waƙoƙin Legas fa? Iyayenmu mata sun shekara arba'in suna hawaye da waƙoƙin Indiya, ba wadda ta taɓa neman tafinta. Kunne bai taɓa neman ƙamus kafin ya ji daɗi ba, kuma daren Asabar ɗin nan shaida ne. Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: raini ne. Mun taso muna ganin Ba'abzine a matsayin mai gadi, ko mai raƙumin gishiri, ko mai shayi, shi ya sa bakinmu ke nauyin cewa gwani ne, har sai Bature ya fara faɗi. Mutanen da muke cin kasuwa guda da su a Badagishiri, muke zama benci guda da ɗiyansu a aji. Wannan rainin ya fi rashin sanin sunan albam muni, kuma shi ne tushensa.

In kuma Hausa kake so, ita ma ba mu riƙe ta ba. Wa ya ambaci Malam Maman Barka a fada? Malamin lakwal ne daga Tesker, ya yi suna da gurumi, yana waƙa da Hausa da wasu harsunan ƙasar nan. Da ya ji cewa biram, wani abin kiɗa na Buduma a bakin tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa saboda gwani ɗaya ya rage mai suna Boukar Tar, sai ya tattara ya tafi can ya zauna ya koya. Ya fitar da albam da biram a 2009, ya kai shi ƙasashen duniya, ya rasu a 2018. Wa ya ambaci Tal National, ko Mamar Kassey, ko Sogha, ko ƴan rap irin Kaidan Gaskiya da Wass Wong da yayyenmu sunka yi tashe da su? Gasar kiɗa mafi suna a ƙasar nan, Prix Dan Gourmou, sunan mawaƙin ƙasar Tawa take ɗauke da shi. Na tambayi ƴan ajinmu su kawo mini waƙar Ɗan Gurmu guda, ko a memori ko a ka. Ina nan ina jira.

Na biyu: "Ba mu da kuɗi, ɗan lakwal da mi zai sayi albam?" Wannan tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Yawancinmu ba mu da katin banki, kuma mega ɗin da za ka saurari albam a intanet ya fi ƙarfin kuɗin karin kumallo. Amma sanin suna kyauta ne. Tambayar mai tura waƙa "wannan ta wane ce?" ba ta cin ko tamma. Gyara sunan fayil kafin ka tura ma wani, minti guda ne. Kuma kar mu yi wa talauci ƙarya: wanda ke iya haɗa kuɗin shayi da sukari da gawayi kullum dare, wanda ke sayen mega don kallon ƙwallon Barcelona, in ya so zai iya fidda dala ashirin ya liƙa ma makaɗin garinsu. Kakanninmu da ba su da waya sun fi mu sanin wannan. Makaɗi in ya zo gona ko biki, ba ya komawa hannu wofi, ko damin gero ne sai an ɗora masa. Mu ne tsararrakin farko da ke cin waƙa dare da rana ba mu biyan ko godiya.

Na uku: "Kunne ba shi da iyaka, kowa ya ji abin da yake so, kar a kawo mana kishin ƙasa cikin sifika." Na yarda, kuma mu ƴan Ƙonni mun fi kowa sanin iyaka zane ce a takarda. Illela biyu gare mu, ta Adar da ta ƙetare, kuma dangi na nan na can. Narambaɗa da Ɗankwairo da Ɗan Anace da Shata namu ne, ba wanda zai nemi mu nuna katin ɗan ƙasa kafin mu ji su. Ni kaina ina jin Hamisu Breaker, ina jin Oumou Sangaré, ba zan daina ba. Ban ce a goge kowa daga memori ba. Abin da nake tambaya shi ne, mi ya sa hanyar ta zama mai zuwa ɗaya? Ku tuna watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da anka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta, manyan motoci sunka yi layi suna gasuwa a rana, masu albasar Galmi na kallon kayansu. Shinkafa ta tsaya, magani ya tsaya, amma sababbin waƙoƙin Kano da Legas ko kwana ɗaya ba su makara ba. A daidai lokacin Mdou Moctar da ƴan ƙungiyarsa sun maƙale a Amurka sun kasa dawowa gida, a can sunka shiga situdiyo sunka ɗauki wani albam. Wannan bai iso fadarmu ba har yau. Kasuwar da ke saye kullum ba ta sayarwa, sunanta juji, ko da kayan da ake zubawa masu kyau ne.

Na huɗu ya fi wayo: "Ai Turawan nan kwasar dukiyarmu suke, kamar yadda sunka kwashi uranium na Arlit." Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a riƙa yin ta: wa ke riƙe da asalin faifan, kashi nawa ke komawa ga mawaƙi, wa ya sa hannu a mi. Mdou Moctar da kansa bai raga wa Faransa ba a waƙoƙinsa da hirarrakinsa. Amma mai wannan magana ya fara duba memorinsa. Baƙon ya tambayi suna, ya nemi izini, ya biya. Kai ka kwafa, ka goge suna, ka raba. In za a kira ɓarawo a wannan shari'a, ban ga yadda za a fara da baƙo a tsallake ka ba. Wanda ya bar kayansa a bakin hanya ba ya zagin wanda ya tsinta ya kai cigiya.

Akwai kuma ƴan'uwa da ke ganin kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba. Ina girmama su, kuma wannan takarda ba da su take ba, tunda su ba su cika waya da haƙƙin mutane ba. Da mu take, masu ji. In dai za ka ji, to haƙƙin mai abu yana kanka, kuma ba malamin da na taɓa ji ya halatta cin gumin wani.

Yanzu bari in zo inda abin ya fi yi mini ciwo. Waɗanda na lissafa a sama sun tsira, suna da faifai, sunansu na rubuce. Waɗanda ba su tsira ba suna nan kewaye da mu. A ƙauyen kakata, can gefen Malbaza, akwai wani tsoho makaɗin gangar noma. In ana gayya, shi ke bin manoma kunya-kunya yana kiran kowa da sunan kakansa, ya san wanda ya haƙa rijiyar gari, ya san shekarar da fara ta cinye gero da gidan da ya ciyar da mutane. Ina yaro na gan shi ya sa ƙato ya yar da hauya yana kuka, sannan ya ɗauka ya yi noman mutum uku. Shekara biyu da sunka wuce na je hutu, na ce gobe zan ɗauke shi a waya. Goben ta zama jibi, hutu ya ƙare. Da na koma anka ce mini ya rasu da kaka. Na bi samarin garin ɗaya-ɗaya, kowa da wayarsa, wasu memorinsu ya cika har ba ya karɓar hoto. Ba wanda ke da muryarsa ko ta minti guda. Ɗansa kuma kabu-kabu yake yi, ya ce ganga ba ta ciyar da gida, tunda yanzu biki DJ ake kira da janareto. Ba zan ga laifinsa ba. Laifina nake gani, ni da ke da waƙa ɗari takwas a aljihu ranar da na zauna kusa da tsohon.

Irinsa suna nan a kowane gari tsakanin Ƙonni da Illela: zabiyoyin biki, masu kalangun mahauta, masu gurumi, masu goge, makaɗan ƴan kokowa, makaɗan fadar sarakuna, tsofaffin mata masu waƙar daka da ta niƙa da ta reno. Ku tuna, waƙar Hausa sana'ar riƙe suna ce. Wa zai san Shago yau in ba don Ɗan Anace ba? Sarakuna da attajirai da direbobi nawa ne sunansu ke raye don kawai Shata ya ambace su? Shata ya rasu a 1999, Ɗankwairo a 1991, amma muna jin su don wasu ma'aikatan rediyo, a Kaduna da Sakkwato da Yamai, sun zauna sun ɗauka sun rubuta suna a jikin faifai. Su da na'ura guda mai nauyin buhu sunka yi wannan. Mu kowa na da situdiyo a aljihu, abin da muke ɗauka shi ne kanmu muna motsa baki a kan waƙar wani.

Wannan ya kawo ni kan kalmar albam ɗin kanta. Mu ji tsoron Allah, a cikin masu cewa "albam kaza nake ji", mutum nawa ne ya zauna ya ji shi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe? Yawancinmu daƙiƙa talatin ɗin da ke yawo a TikTok munka sani, sauran kuma sunan ne kawai, don a ce da mu wayayyu. Mawaƙi ya jera waƙoƙinsa da dalili, ya san wadda ya sa gaba da wadda ya ajiye ƙarshe, kamar yadda mai tuwo ba ta fara kawo maka ƙanzo. Waƙa guda ta Narambaɗa ko ta Ɗankwairo na iya cin minti goma sha, kuma gishirin yana can ciki inda mai gaggawa ba ya kaiwa. Wanda bai iya ba waƙa minti arba'in ba, ina shakkar zai iya ba littafi awa biyu, kuma mu nan masu cewa za mu zama marubuta ne.

Kuka ba tare da magani ba ɓata hawaye ne, don haka ga abin da nake kawowa gaban ƙungiya da kowace fada da wannan takarda za ta shiga.

A fada, in an tambayi abin da kake ji, ka kawo sunan mawaƙi da garinsu, da shekara in ka sani. Wanda ya ce "oho" shi ke sayen sukarin gobe. Kafin ka tura ma wani waƙa, gyara sunanta. In ba ka sani ba, rubuta "ana cigiya", ka yi ta tambaya har a dace.

Kowane mako a zaɓi albam guda a ji shi gaba ɗaya, waya a kife, ba tsallakewa, sannan a yi gardama a kansa. A cikin huɗu na wata, ɗaya ya zama na ƙasar nan, kuma kar kullum ya zama na harshenmu. Mai mega ya sauko da shi, sauran su kawo shayi. Wanda abin ya taɓa shi ya rubuta shafi guda, mu buga a nan.

Babban hutu mai zuwa, kowane ɗan ƙungiya ya nemi makaɗi ko zabiya guda a garinsu. A je da ladabi, a gaida shi, a faɗa masa abin da ake so da inda za a kai, in ya ƙi a haƙura. In ya yarda, a ɗauka a wuri marar hayaniya, a rubuta sunansa da na mahaifinsa, da garinsu, da abin kiɗansa, da wanda ya koya masa, da sunayen ƴan amshinsa, da ranar da anka ɗauka. A biya shi. In mu ashirin ne kowa ya kawo dala arba'in a wata, jikka huɗu ke nan, ba yawa amma ta fi hannu wofi. A ba shi kofi, a ba iyalinsa, a ajiye ɗaya wurin ƙungiya, in ya amince a kai ɗaya gidan rediyon gari. Kar wanda ya ɗora a intanet ba da yardarsa ba. Ƴan'uwa mata, waƙoƙin cikin gida ku ɗai ke iya shiga inda suke, in ba ku ɗauko ba ba mai ɗaukowa.

In mawaƙin gida ya zo wasa a gidan matasa ko filin gari, mu sayi tikiti mu shiga ta ƙofa. Na san masu haura katanga, ni ma na taɓa haurawa.

Wanda ya ga na yi tsauri, ko na yi ƙarya a wani wuri, fili na nan a fitowa ta gaba, ya rubuto da hujjarsa, zan karanta. Ni dai na fara da tawa wayar: daren jiya na zauna na gyara sunan waƙa sittin da ɗaya, saura masu yawa da ban san masu su ba. "Sabuwa 7" tana cikinsu, na sa abokina ya turo mini. Duk wanda ke ganin zai gane muryar, musamman ƴan'uwanmu na Abalak da Cintabaraden da ke karatu a nan, ya same mu a fada bayan isha'i. Shayi na farko nasa ne.